Rigar Kore a Hoton 'Yan Rawaya

Bango ɗaya ne ya haɗa su, kuma ba soyayya aka aike su yi ba.

Danitza Arnez ta iso da ƙyallen kamfe mai launin rawaya naɗe a hammata, ta tarar da wani dogon saurayi a kan tsani yana ɗaure nasa, kore shar, daidai inda aka ce ta rataya nata. Ta ɗaga kai ta dube shi. Ya sunkuyo ya dube ta, igiyar da ya ciza a baki ta suɓuce ta faɗo ƙasa.

"Bawan Allah, bangon nan namu ne," ta ce.

"Naku? Ban ga sunanki a jiki ba."

"Shugabar ofishinmu, Licenciada Ovando, ce ta ce in rataya a nan."

"Ni ma wani mai ƙaton tumbi ne ya ce in rataya a nan. Koyon aiki kike yi?"

"Digiri na biyu nake yi," ta faɗa tana ɗage haɓa.

"Ni ma shi nake yi. Kin ga inda ya kawo mu, kan tsani."

Ba ta so ta yi dariya ba, amma ta yi. Ya sauko ya matsar da ƙyallensa gefe, ya riƙe mata tsanin ta hau. Sunansa Limbert Rocabado. Kafin ta sauko ta riga ta sa masa suna Dogo, shi kuma ya ce yadda take ƙunƙuni tana ɗaure igiya sai ka ce kurciya, ya kama kiranta da haka.

Duk wanda ya yi aiki a jami'armu ya san abin da ake kira shekarar zaɓe. Malamai da ɗalibai ne ke jefa ƙuri'ar shugaban jami'a, amma mu ma'aikata mu ke shan wahalar, domin wanda ya ci shi ke raba ofisoshi, tun daga na kuɗi har na mai buɗe ƙofa. A waccan shekarar ɓangare biyu ne: 'yan Rawaya masu riƙe da mulki, da 'yan Kore masu son ƙwacewa. Kada a tambaye ni bambancinsu. Na tsufa a nan ban gano ba.

Su kuwa masu karatun tafiyar da jami'a, sai sun yi zango guda suna aiki a wani ofis ba albashi, shugaban ofishin ya sa hannu cewa sun yi, sannan a ba su digirinsu. Mai sa'a a cikinsu a ba shi gurbi na dindindin. Launin ofishin da aka jefa ka shi ne launinka, ko kana so ko ba ka so. An jefa Danitza a Ofishin Walwalar Ɗalibai, gidan Rawaya. An jefa Limbert a Ofishin Jarrabawa, gidan Kore.

Danitza ba neman abinci kawai ya kawo ta ba. Aikin take so, so na gaske. Ita ke kula da katin cin abinci na ɗalibai marasa hali, kuma ta lura yaran da suka sauko daga ƙauyukan kan dutse sukan tsaya a bakin ƙofa suna murza hula, su juya ba su shigo ba. Sai ta riƙa fita tana tarar su da harshen Keshuwa, irin na kakarta, ta ja su ciki ta zaunar. Cikin 'yan makonni layin ofishin ya kai tsakar gida. Licenciada Ovando da kanta ta ce mata, "Yarinya, gurbi ɗaya zai buɗe a ofishin nan bayan zaɓe. Ki ci gaba a haka, naki ne."

Da yamma ta rubuta wa Limbert:

"Dogo, yau wata yarinya ta ci abinci a ɗakin cin abinci karo na farko tun da ta zo jami'a. Ta ce tana tsammanin na masu kuɗi ne. Na shiga bayi na yi kuka. Kai me ka yi yau?"

Ya amsa:

"Na hura balan-balan kore har kaina ya juya. Kurciyata, ke kike aikin jami'a, mu sauran wasa muke. Mu haɗu a kasuwa, can ɓangaren masu kunu, inda ba wanda ya san launinmu."

A can suke haɗuwa, nesa da jami'a, su zauna a benci ɗaya da 'yan dako suna shan api, kunun masarar nan mai zafi, da soyayyen fanke. Yakan ba ta rabin nasa ya ce ya ƙoshi. Ta san ƙarya yake, domin a ɗakin haya yake zaune, mahaifiyarsa ce ke aiko masa da dankali daga ƙauye.

"Idan naku suka ci, za ka manta da ni," takan ce.

"Idan naku suka ci, ki ɗauke ni masinja."

"Masinja mai wannan tsayin? Kanka zai riƙa bugun ƙofa."

"To ki ɗauke ni miji. Wannan ba ya bukatar sa hannun kowa."

Ashe yana bukata.

Mahaifinta Casiano Arnez, wanda kowa ke kira Don Casiano saboda girmamawa, shekara talatin yana tuƙa motar jami'a. Ya ɗauki shugabanni ya sauke, ya buɗe musu ƙofa, ya jira su a rana suna cin abinci a ciki. Duk tsawon shekarun nan ɗan Rawaya ne, har lokacin da launin yake da wani suna daban. Tun Danitza tana firamare yakan tsayar da mota a gaban ginin mulki ya nuna mata tagogin sama ya ce, "Can za ki zauna. Ni na tsaya a waje, ke a ciki za ki zauna."

Ranar Lahadin da Limbert ya zo gidan, Doña Benigna, mahaifiyarta, ta dafa miyar gyaɗa da naman sa. Don Casiano ya bari saurayin ya kai cokali baki, sannan ya tambaya.

"A wane ofis kake?"

"Jarrabawa, Don Casiano."

"Kore ke nan."

"Can aka tura ni, ba ni na zaɓa ba."

"Kowa haka yake cewa. Albashinka fa?"

"Babu tukuna."

"Casiano, ka bar yaro ya ci abinci," in ji Doña Benigna.

"Yana ci ai, ban riƙe masa hannu ba." Ya ajiye cokalinsa. "Saurara, saurayi. Ba ni da faɗa da fuskarka. Amma 'yata ba za ta yi aure ba sai ta zauna a kujerarta a jami'a. Kuma kujerar nan a hannun Rawaya take. Idan aka gan ta da kai, ta rasa. In kana sonta da gaske, ka yi nesa da ita har a gama zaɓe."

"Baba!"

"Na gama magana."

Limbert ya cinye miyar tas, don kada ya ɓata wa uwar rai, ya yi godiya ya tafi. Kafin ya kai bakin titi saƙonta ya shigo:

"Kada ka ji haushinsa. Ba kai yake tsoro ba, rana yake tsoro, irin wadda ya sha a bakin ƙofofin nan. Ka jira ni. Ina samun gurbin, ni da kaina zan kawo ka gabansa."

"Zan jira, Kurciyata. Ai jira ne abin da aka fi koya mana a jami'a."

A ofis kuwa akwai Jhasmani, ɗan 'yar'uwar Licenciada, shi ma wai koyon aiki yake. Ba wanda ya taɓa ganin ya gama wani aiki, sai dai ya zauna a gefen teburin Danitza yana kaɗa makullin mota. Ya gayyace ta cin abinci ta ƙi, ya kawo mata turare ta mayar. Ya yi murmushi ya ce, "Na ga kina son kunun kasuwa." Daga nan ta san an gan su.

Al'adarmu ce, ranar rufe kamfe kowane ofis ya fita gangami da mutanensa, kuma a ƙarshe a tsaya a ɗauki hoto. Hoton nan shi ne shaidar ka zo. Shugaban ofis ya aika da shi sama, a ƙirga kawuna, a san wanda yake namu da wanda yake gyangyaɗi. Ma'aikaci zai iya makara wata guda ba a ce masa komai ba, amma kada ya kuskura ya ɓace daga hoton nan.

An raba musu 'yar riga mai rawaya, siririya kamar takarda. Tun da hantsi suke tafe a titi da ganguna da ƙahonni. Da la'asar sai gari ya yi baƙi, ruwa ya sauko da ƙanƙara, manya-manya, suna dukan kai kamar tsakuwa. Jama'a suka watse. Danitza ta raɓe a ƙofar wani kanti da aka rufe, jiƙe sharkaf, haƙoranta suna haɗuwa. Tun tana ƙarama ƙirjinta ba ya son sanyi.

Gangamin 'yan Kore yana titi na gaba. Limbert ya bar nasu ya ratso cikin ƙanƙarar yana nemanta, ya same ta tana numfashi da ƙyar. Bai yi tunanin komai ba. Ya tuɓe rigar sanyin da ke jikinsa ya sa mata, ya ja zif har wuya, ya riƙe hannayenta yana murzawa.

"Ki yi numfashi a hankali. Ina nan."

"Dogo, kai fa? Za ka jiƙe."

"Ni ruwa sai ya gaji kafin ya kai ƙafata."

Sai ga muryar Licenciada daga nesa: "Walwalar Ɗalibai! Hoto! Kowa ya zo, maza, kafin ruwan ya dawo!"

Shekarun da Danitza ta yi tana jin mahaifinta yana cewa kada a rasa ka a hoto su suka ɗaga ta. Ta fizge hannunta ta ruga, ta shige gefen layi, ta yi murmushi. Jhasmani ne ke riƙe da wayar. Ya dube ta, ya dubi abin da ke jikinta, ya ɗauka.

Mutum ashirin cikin rawaya, da yarinya ɗaya a gefe cikin rigar kore mai tambarin 'yan Kore a ƙirji.

Kafin ta isa gida hoton ya zaga jami'a. 'Yan Kore suka ɗora shi a shafinsu suka rubuta a ƙasa cewa har Ofishin Walwalar Ɗalibai ya dawo wurinsu.

Da safe ta tarar da Jhasmani a kan kujerarta. Licenciada ba ta ko ce ta zauna ba.

"Daga sama aka kira ni. Kin san abin da aka ce mini? Wai ina kiwon maciji a ofis."

"Licenciada, sanyi ne ya kama ni. Na rantse da Allah ban lura ba."

"Ba ki lura ba. 'Yar Casiano guda, wadda ta girma a motar jami'a, ba ta san kore ba."

"Ki duba aikina. Ki tambayi ɗaliban nan."

"Ɗalibai ba su ke sa hannu ba, ni ce. Kuma ba zan sa ba. Ɗauki jakarki."

A waje yaran ƙauyen nan suna layi, suka buɗa mata hanya suna gaishe ta. Ta sunkuyar da kai ta wuce. Jhasmani ya biyo ta har matakala, ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya.

"Ni ofis kawai na tura wa hoton. Ki tambayi kanki yadda ya kai shafin Kore. Wa ke musu aikin shafin? Ba yaran Ofishin Jarrabawa ba ne? Mutumin naki ya bar gangaminsu ya zo namu da riga a shirye, daidai lokacin hoto. Ke kaɗai ce ba ki gane ba."

Da a ce ranar lafiya ce, da ta yi masa dariya. Amma mutumin da aka kora da safe, duk abin da aka zuba masa a kunne yana zama. Ta zauna a cikin motar haya tana juya maganar, tana tuna yadda ya ja zif ɗin har wuya, yadda bai kira ta ba lokacin da ta ruga. Saƙonninsa suna ta shigowa.

"Kurciyata, na ga hoton. Na kira sunanki kina gudu, ƙarar ganguna ta hana ki ji. Na je na roƙe su su cire, sun yi mini dariya. Kina ina?"

"Don Allah ki ɗauki waya."

Ta rubuta masa guda ɗaya:

"Ka ci zaɓenka. Na bar maka rigarka a wurin mai kunu. Kada ka sake nemana."

Ta rufe lambarsa.

A gida Don Casiano bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya dawo daga aiki, inda abokansa direbobi suka yini suna ce masa surukin Kore, ya zauna a tsakar gida da hularsa a gwiwa. Ta durƙusa a gabansa tana kuka. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Na gaya miki," ya tashi ya shiga ɗaki. Tun daga ranar ba a sake kunna rediyo a gidan ba.

Aka yi zaɓe, Kore ta ci.

Abin da ya biyo baya mun saba gani, amma har yau yana ba ni kunya. Kafin a gama share takardun kamfe daga titi, rabin 'yan Rawaya sun gano cewa tun asali zuciyarsu kore ce. Licenciada Ovando tana sahun gaba. Aka gan ta a bikin rantsarwa da gyale kore a wuya tana tafi har da hawaye, aka bar mata ofishinta. Don Casiano, da bai iya irin wannan rawar ba, aka karɓe makullin motarsa aka tura shi gadin gonar jami'a, can bayan gari, inda sai ya canza mota biyu kafin ya isa.

Danitza ta ga kamar ƙofa ta buɗe. In dai don kore aka kore ta, ai yanzu kore ce ke mulki. Ta yi wanka ta gyara gashinta ta koma.

Licenciada ta tarbe ta da fara'a, har da sumba a kunci, ta rufe ƙofa.

"'Yata, ki fahimce ni. Idan na sa miki hannu yanzu, za a tambayi dalilin da ya sa na sallame ki tun farko. In ce don kin sa kore? Ni da nake Kore? Na riga na rubuta cewa aikinki ne bai gamsar ba. Ba zan iya janyewa ba."

"Aikina ne bai gamsar ba?"

"Magana ce ta takarda, kada ki sa a ranki. Ki sake nema baɗi."

"Wa zai ɗauke ni da wannan a bayana?"

Licenciada ta gyara gyalenta ta buɗe mata ƙofa.

Danitza ta bi ofis-ofis. 'Yan Kore suka ce ai 'yar Casiano ce, jinin Rawaya. 'Yan Rawayan da suka rage suka ce ai ita ce mai rigar nan. Malamin da ke kula da karatunta ya ɗaga kafaɗa ya ce ba sa hannu, ba digiri, doka ce ba shi ya yi ta ba. A ofis na ƙarshe wata sakatariya mai tausayi ta ba ta ruwa, ta kuma gaya mata abin da kowa ya riga ya sani: gurbin Walwalar Ɗalibai ya faɗo cikin rabon yaran Kore, kuma sunan Limbert Rocabado aka sa.

Ta fito ta zauna a bakin titi. Ba ta yi kuka ba. Ta ji dai kamar an kwashe komai daga cikinta an bar fata. Daga ranar ta daina fita, sai dai ta taya uwarta fere dankali, ta rame har zobenta yana zamewa. Doña Benigna takan dube ta ta juya ta share ido da gefen zane.

Wata Lahadi da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Limbert ne, da mahaifiyarsa, 'yar tsohuwa mai kitso biyu da farar hula, da kawunsa ɗauke da kwando cike da burodi da 'ya'yan itace da gasasshiyar kaza, kamar yadda ake zuwa neman aure. Shi ma ya rame, kwat ɗin da ya aro tana lilo a jikinsa. Danitza ta gudu kicin ta tsaya bayan labule.

Don Casiano bai ce su zauna ba. "Ka zo nuna mana kujerar ne?"

"A'a, Don Casiano. Gobe ne zan karɓi aikin. Na zo in gaya maka ba zan karɓa ba."

"Limbert!" uwarsa ta kama hannunsa. Da gani ba ta san da wannan ba. "Ɗana, gonar da muka sayar don karatunka fa?"

"Ki yafe mini, Mama." Ya juya ga tsohon. "Na roƙe su su ba ta, sun ce ba a ba 'yar Rawaya. Na je wurin Licenciada har ta sa aka fitar da ni. Ni na sa mata rigar nan, da hannuna. Sanyi na gani, ban ga launi ba, kuma da yau za a sake, zan sake sa mata, don numfashinta ya fi mini jami'ar gaba ɗaya. Amma ba zan zauna a kujerarta ba. Ka ce ba aure sai ta sami gurbi. To ga mu mu biyu ba gurbi. In ka ba ni ita, zan yi dako in ciyar da ita. In ka hana, na dai faɗa maka gaskiya."

A bayan labule Danitza ta toshe bakinta da hannu. Wanda ya shirya makirci don kujera ba ya zuwa da uwarsa ya zubar da ita a gaban mutane. Kunya da so suka taso mata lokaci ɗaya. Ta ɗaga labulen ta fito.

"Dogo."

Ya juyo. Ya ga yadda ta koma, idanunsa suka cika. "Kurciyata, me kika yi wa kanki?"

"Na zarge ka. Ka yafe mini."

"Ban taɓa riƙe ki ba."

"To ka saurare ni. Gobe za ka je ka karɓi aikin nan."

"Ba zan iya ba."

"Za ka iya. Kana tsammanin in ka ƙi, ni za a kira? Jhasmani za a ba. Yaran nan za su koma tsayawa a bakin ƙofa suna murza hula, yana ciki yana kaɗa makulli." Muryarta ta karye, ta dake ta ci gaba. "Ni tawa ta ƙare, Dogo. Na bi kowace ƙofa, na sani. Kada mu rasa mu duka. Ka fita ka tare su, kada ka jira su shigo. Keshuwarka ta fi tawa ma."

"Kullum in zauna a wurinki, in dawo gida in dube ki?"

"Eh. Zai yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Wata rana ma zan ji haushinka ba dalili. Ka haƙura da ni a ranar."

Mahaifiyar Limbert tana kuka a hankali, Doña Benigna ta matso ta riƙe ta.

Don Casiano ya dubi 'yarsa ya daɗe. Sannan ya jawo kujera da kansa ya ajiye wa mahaifiyar Limbert.

"Zauna, baiwar Allah. Benigna, karɓi kwandon." Ya share fuska da tafin hannu. "Na ce sai ta zauna a ciki. Ni na yi shekara talatin ina jira a bakin ƙofar nan. Ba zan sa ita ma ta tsufa tana jira ba."

Aka ɗaura auren a ƙaramin cocin unguwa bayan damina. Ba a cika ba. Daga jami'a ba wani babba da ya zo, sai direbobi uku da suka shigo a ɓoye, da tarin yaran ƙauyen nan da suka haɗa kuɗi suka sayo bargo. Amarya ta yi kyau, kyau mai sa mutum ya kau da kai. Da aka fito, mata suka yi ta zuba musu yankakkiyar farar takarda a ka, har gashin Limbert ya koma kamar na tsoho.

A tsakar gida aka shimfiɗa bargo, ango da amarya suka durƙusa don karɓar albarkar iyaye. Mahaifiyar Limbert ta sa musu, Doña Benigna ta sa musu. Da aka zo kan Don Casiano, ya ɗora hannu a kan Limbert ya ce, "Allah ya riƙe ka, ɗana. Ka riƙe mini ita." Ya matsa gaban 'yarsa ya ɗaga hannu, sai hannun ya tsaya. Maimakon ya ɗora mata, sai tsohon ya durƙusa a gabanta, gwiwa biyu a ƙasa, a gaban kowa.

"Baba, tashi, don Allah."

"Bari in faɗa. Ni na nuna miki wurin nan tun ba ki san komai ba. Ban nuna miki wani wuri ba a duk duniya. Ki yafe mini, 'yata."

Ta rungume shi, takardun da ke kanta suna zubowa a kafaɗarsa. "Na yafe, Baba. Sa mini albarka."

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ki abin da ya fi wanda aka ƙwace miki, ko da ban rayu na gani ba."

Aka ce amin. Masu ƙaho suka busa, Limbert ya ɗaga ta ya miƙa mata farin hankicin da ake rawar biki da shi, ya raɗa mata, "Kurciyata, za ki iya?"

"Riƙe ni dai, Dogo."

Ya riƙe ta. Ta yi rawar tun daga farko har ƙarshe tana kaɗa hankicin, hawaye na bin fuskarta, jama'a na tafi. A wurinmu ba a tambayar amarya dalilin kukanta, don haka ba wanda ya tambaya.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya sanyaya mata zuciya.